Magen Innarmu ta tsufa, sai shan ruwa da rama, me zan ba ta?

Maman Ilham: Salamu alaikum jama'a, dan Allah shawara nake nema kuma kar a yi min dariya. Muna da mage a gida sunanta Gimbiya, ta marigayiya Innarmu ce, shekarar da 'Yar'aduwa ya rasu aka kawo ta tana 'yar mitsitsiya cikin kwalin taliya, kun ga 2010 kenan, yanzu shekararta 15. Da Inna ta rasu ni na ɗauko ta daga cikin gari na dawo da ita wajena nan Tudun Wada don babu mai kula da ita a can. To wata uku kenan na ga ta canza gaba ɗaya. Ruwa take sha ba ƙaƙƙautawa, ko alwala na zauna yi sai ta zo ta kafa kai a bakin buta, fitsari kuwa ba a magana, ga rama, in ka shafa gadon bayanta ƙasusuwan nan kamar carbi kake ja. Abinci sai ta shinshina ta juya, wani lokacin da asuba ta yi amai fari mai kumfa. Katangar da take hayewa da tsalle ɗaya yanzu sai ta zauna a gindinta tana kallo kawai. Da daddare kuma ta dinga wani irin kuka mai tsawo har maƙwabciyata ta fara yada min magana wai a bincika ko ba mage ba ce.

Abba Kwangila: Tsufa ne kawai Hajiya, ga kuma sanyin nan na Zariya da ko mutum sai ya ji shi a ƙashi. Ki ɓalla rabin Panadol ki jiƙa mata a madara mai ɗumi, zuwa gobe za ki ga ta warware

Sadiq Samaru: Anti dan girman Allah KAR ki ba ta Panadol, ko ɗan ɓarɓashi. Yaya Abba ka yi haƙuri ba raina shawararka na yi ba, amma wannan kisa ne. Ni ɗalibi ne a ɓangaren likitancin dabbobi, ajin ƙarshe, ban zama likita ba tukuna amma wannan kam tun farko ake buga mana shi a ka. Hantar mage ba ta iya sarrafa farasitamol irin yadda tamu take yi, ƙwaya ɗaya tak tana iya kashe ta, jininta sai ya kasa ɗaukar iska, dasashinta ya koma kalar ƙasa-ƙasa, fuska da tafin ƙafa su kumbura. Haka ibuprofen da diclofenac, su kuma ƙoda da ciki suke ci. Madarar ma a bari, yawancin manyan maguna gudawa take sa su, wadda ruwan jikinta ya riga ya yi ƙasa kuwa gudawa ai ƙarasa ta za ta yi.

Hauwa Gyallesu: Wayyo Allah. Maman Ilham ki ji maganar yaron nan. Ni da hannuna na kashe muzuruna, shekara huɗu kenan har yau in na tuna sai cikina ya juya. Ƙafa ya ji ciwo yana ɗingishi na je kemis na yi wa mai shagon bayani ya ce ai dabba da mutum duk jini ɗaya ne in ba shi na yara, na ruwan nan mai zaƙi. Na ɗura masa cokali da daddare na ƙara da safe. Kafin la'asar fuskarsa ta zama kamar an hura balan-balan, yana haki baki buɗe, harshen nan ya yi duhu. Ya shige ƙarƙashin gado, nan na jawo shi da asuba ya sandare. Ni a zatona taimakonsa nake

Abba Kwangila: Subhanallahi, wallahi ban sani ba, mu akuya da kaji muka saba da su. Na janye, a yafe ni

Maman Ilham: Innalillahi, kun san kuwa jiya har na ɗauko sacet ɗin na ajiye kan firij, Ilham ce ta ɗauke min hankali da aikin makaranta na manta. Sadiq to meye yake damunta a ganinka?

Sadiq Samaru: Anti ba za a iya yanke hukunci ta waya ba, sai an ɗebi jini da fitsari. Amma tsohuwar mage mai yawan sha da yawan fitsari da rama, abu uku ake fara zargi. Ko ƙoda ta gaji, ko ciwon suga, ko wata halitta a maƙogwaro da ake kira tayirod ta yi yawan aiki. Masu tayirod ɗin yawanci ci suke kamar gara amma suna ramewa, masu suga ma da farko suna da ci, taki kuwa kin ce juya wa abinci baya take ga amai, shi ya sa zuciyata ta fi karkata ga ƙoda, kuma dama ita ce ta fi kama tsofaffin maguna. Abin da ke faruwa shi ne ƙodar ta daina iya riƙe ruwa, sai ya dinga wucewa ta fitsari tsararo, ita kuma tana sha don ta cike gurbi, dattin da ya kamata ya fita kuma yana taruwa a jini yana tayar mata da zuciya. Don haka kar wani ya ce ki rage mata ruwa don fitsarin ya ragu, ruwan ne yake riƙe da ita. Ki shinshina bakinta in za ta bari, ki kuma kama fatar tsakanin kafaɗunta ki ɗaga ki saki ki ga ko tana komawa nan take. Sannan shekara 15 a mage fa kamar ɗan Adam mai 76 ne a lissafin da ake yi, tsohuwa ce tukuf. Ki kai ta asibitin koyarwa na dabbobi da ke cikin ABU nan Samaru, ki sa ta a kwando mai murfi da tsumman da ta saba kwanciya a kai, kar a cusa ta a buhu.

Maman Ilham: Na ɗaga fatar, tsayawa ta yi kamar an naɗe zani sai a hankali ta kwanta. Bakin kuma wani irin wari kamar na fitsari

Sadiq Samaru: To gobe da safe Anti, kar a kai jibi.

Alhaji Ɗanjuma: Ikon Allah sai kallo. Yanzu a wannan marra da mudun masara ke gagarar magidanci, almajirai na yawo ba takalmi cikin hunturu, mu kuma muna nan muna shawarar ɗibar jinin kyanwa. Hajiya ba faɗa ba, amma kuɗin motar Samaru da na gwajin nan da kin sai wa wani maraya bargo da ya fi miki lada. Kyanwa in ta tsufa sai ta nemi lungu ta mutu, haka muka taso muka gani, babu wanda ya taɓa kai ta asibiti.

Bakano: Alhaji ka bar su, Zage-zagi ne, boko ya yi musu yawa har magensu sai ta shiga jami'a hhhh

Hauwa Gyallesu: Kai Bakano tafi can, ku da kuke zuwa Shika neman magani kullum

Maman Ilham: Baba Alhaji na ji maganarka kuma ban ce ƙarya ka faɗa ba, halin da ake ciki kowa ya sani. Amma bari in gaya maka. Shekarun ƙarshe na Inna da ƙafa ta hana ta fita, mu duk muna gidajen aurenmu, wannan magen ce take kwana a ƙafafunta take zama gefen dardumarta har ta idar da lazimi. Inna ba ta cin kifi sai ta cire mata nata tukuna. Ana saura kwana biyu ta rasu a asibiti abin da ta tambaye ni shi ne wa yake ba Gimbiya abinci. To ni yanzu in zuba mata ido tana amai a tsakar gidana in ce ai dabba ce? Sadakar da nake yi ba fasa ta zan yi ba, kuɗin ankon bikin da za a yi wata mai zuwa ne zan taɓa, atamfa ɗaya ba za ta kashe ni ba in ban ɗinka ba.

Malam Tanimu: Alhaji, Allah ya ƙara girma, ba a haɗa alheri biyu faɗa. Hadisi ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa an azabtar da wata mata saboda kyanwa da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi ƙwarin ƙasa ba har ta mutu. Kuma da sahabbai suka tambaya ko muna da lada a kan dabbobi, Annabi (SAW) ya ce a cikin kowace hanta mai danshi akwai lada, wato duk mai rai. Abu Huraira ma ai 'yar kyanwar da yake ɗauka ce ta jawo masa wannan laƙabi. Wanda ya ajiye dabba a gidansa nauyinta ya hau kansa gwargwadon ƙarfinsa. Ba a ce ta ci bashi ko ta hana 'ya'yanta abinci ba. Batun maƙwabciya kuma, kyanwa tana cikin masu kewaya mu a gida kamar yadda hadisi ya faɗa, ba najasa ba ce, kukan dare kuma ba hujjar aljanu ba ne.

Sadiq Samaru: Allah gafarta Malam kukan ma yana da bayani. Ciwon ƙoda yana tafiya da hawan jini, kuma hawan jini yana sa su wannan kukan, har makanta yana kawowa farat ɗaya. Wasu kuma ruɗewar tsufa ce irin ta mutane, ta farka cikin duhu ta rasa inda take, ko kunne ya yi nauyi ba ta jin ƙarar muryarta.

Alhaji Ɗanjuma: To Malam ya yi magana. Ni dai ra'ayina yana nan, amma dukiyarta ce.

Maman Ilham: Salam, na dawo, ku yi haƙuri kwana huɗu shiru. Mun je. Tun daga PZ har Kwangila take kuka a cikin kwando mai keke yana waigowa yana tambaya wai Hajiya lafiya, da na ce asibiti zan kai ta sai da ya kusa hawa kan mai lemo don dariya. An auna ta kilo 2.6 kacal, magen da a da sai ka sa hannu biyu ka ɗauke ta. An aske ɗan wuyanta aka ja jini, ni na kasa kallo. Sakamako ya fito ƙodar ce kamar yadda Sadiq ya zata, suga lafiya lau. Likitar ta zaunar da ni ta ce in sani ba warkewa ake yi ba, abin da ya lalace a ƙoda ya lalace, kuma kafin a fara ganin alama ma kusan kashi biyu cikin uku na aikinta ya riga ya tafi, sai dai a lallaɓa ragowar. An yi mata ƙarin ruwa, an ba ta maganin tashin zuciya, jininta ma ya hau an rubuta wata 'yar ƙwaya da za a dinga gutsura mata kullum. Ga haƙori ɗaya ya ruɓe amma an ce ba za a sa ta barci a cire ba sai ta ɗan yi ƙarfi. Abin da ya ba ni kunya, farcenta biyu sun yi tsawo sun lanƙwashe sun shige cikin naman tafin ƙafarta har ya fara ruwa, ni ban taɓa dubawa ba, ashe in sun tsufa ba sa iya karce itace su rage shi. Yanzu matsalata abinci. An ce akwai na musamman na masu ciwon ƙoda, na tambaya a wani shago a Kaduna ta waya, kuɗin da aka faɗa min na ɗan ƙaramin leda sai da na ce a maimaita.

Ummi Hanwa: Sannu Maman Ilham. Ni tawa shekara biyu muna fama da irin wannan. Royal Canin Renal da Hill's k/d su ne ake magana, daga waje ake kawowa shi ya sa, kuma wani abin haushin sai ki saya ta ƙi ci. Ni abin da nake yi bisa shawarar likitanmu, ina dafa kaza zalla ba gishiri ba Maggi ba albasa ba tafarnuwa, in yayyaga ta sosai in haɗa da dafaffen farin ƙwai da 'yar shinkafa mai laushi in zuba romon a kai ya yi ruwa-ruwa. Kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida a rana ba tuli ɗaya ba. Kuma ki ɗumama shi ya yi ɗumin jiki, hancinsu ya mutu in ba ƙamshi ya tashi ba ba za su kula ba. Tawa sai na ɗibo a yatsa na shafa mata a leɓe take tuna cewa yunwa take ji

Abba Kwangila: Albasa kuma? Mu da muke zuba wa tamu ragowar miya kullum

Sadiq Samaru: Yaya Abba albasa da tafarnuwa suna farfasa jajayen ƙwayoyin jininsu, ɗanye ko dafaffe, a hankali sai ka ga mage ta ɗashe ba ka san dalili ba. Anti Ummi ta yi daidai da farin ƙwai. Abin da ake gudu a ciwon ƙoda shi ne sinadarin fosfaras, ƙodar ba ta iya fitar da shi, kuma yana da yawa a ƙashin kifi, busasshen kifi da ake dakawa da ƙayarsa, hanta, gwaiduwa, madara. Kilishi da balangu da kifin gwangwani kuwa gishiri da yaji. Amma kar a ce za a mayar da ita kan tuwo da shinkafa zalla, mage ba kare ba ce, dole sai da nama, akwai abin da jikinta ke buƙata da ba ta samu sai a nama, in babu zuciya da ido ne ke taɓuwa. Haɗin gida shi kaɗai na dogon lokaci ba ya cika komai, ki gaya wa likitar ainihin abin da kike ba ta, akwai garin da ake barbaɗawa a abinci yana kama fosfaras ɗin tun a hanji. Kuma in ta ƙi komai, gara ta ci abin da ba shi ne daidai ba da ta zauna da yunwa, mage in ta yi kwana biyu uku ba ci hanta ce ke shiga matsala.

Ummi Hanwa: Ruwa kuma ki ajiye kwano uku huɗu a wurare daban-daban, mai faɗi wanda gashin bakinta ba zai dinga gogar gefe ba, nesa da inda take kashi. Da hunturun nan ƙura na sauka a kai ki dinga canzawa safe da yamma. Tunda buta take so ki bar mata butar ma

Maman Ilham: Hhh ai butar ta zama tata. Sanyi fa? Jiya na same ta ta kusa shigewa cikin kaskon garwashi har gashin jelarta ya babbake

Hauwa Gyallesu: A'a kar ki bar ta da kasko, tsofaffi ba sa jin zafi da wuri. Ki zuba ruwan ɗumi a gorar roba ki naɗe da tsohon zani ki sa mata a kwali. Wajen fitsarin ma ki samu faranti mai gajeren baki ki zuba yashi ki ajiye kusa da ita, in gaɓoɓi na ciwo tsallake bakin roba ma aiki ne, sai ki ga ta yi a ƙasa ki zata iskanci ne. In akwai mai ciki a gidan kar ita ta kwashe kashin, kuma kullum a kwashe a wanke hannu.

Sadiq Samaru: Ƙari ɗaya, in za a fesa fiya-fiya ko maganin sauro a fitar da ita sai ɗakin ya sha iska, kuma maganin ƙuma na karnuka kar a ɗiga mata, da yawansu akwai wani sinadari da ake kira permethrin a ciki, karkarwa da farfaɗiya yake sa mage.

Bakano: Ni fa wasa nake rannan, amma tambaya ta gaskiya. In abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa fa? Ana barinta ne tana wahala har ta mutu?

Sadiq Samaru: Tambaya ce mai nauyi. A asibiti akwai allurar da ake yi dabba ta yi barci ba ta farka ba, ba zafi. Ba a kawo zancen sai an ga ta daina ci da sha gaba ɗaya, ba ta iya tashi, tana kwanciya cikin fitsarinta, magani ya daina aiki. Gimbiya ba ta kai nan ba, wasu da kulawa suna ƙara watanni masu yawa har shekara da ɗoriya, wasu kuma ba sa jimawa, ya danganta da inda ciwon ya kai. Hukuncin addini kuwa ga Malam nan.

Malam Tanimu: Malamai sun tattauna hutar da dabbar da aka yanke ƙauna da ita, akwai masu sauƙaƙawa akwai masu cewa a bar wa Allah ikonsa. Ba abin da zan yanke a rubutu biyu ba ne. In lokacin ya zo Hajiya ta samu malamin da ta amince da shi ta kai masa bayanin likita yadda yake.

Maman Ilham: Dan Allah a bar wannan zancen tukuna, karantawa kawai na yi hannuna na rawa.

Bakano: Yi haƙuri Hajiya, Allah ya ba ta sauƙi.

Maman Ilham: Salam jama'a, sati uku yau. Ana yi mata ƙarin ruwan ƙarƙashin fata a gida yanzu, sau biyu a sati, an koya min sau biyu a gabansu kafin a bar ni. Ledar ruwan nake fara sawa a roba mai ruwan ɗumi, sannan in rataye ta a ƙusar gidan sauro, Ilham ta riƙe mata kai tana sosa mata haɓa ni kuma in tattaro fatar kafaɗa in soka. Ranar farko allurar ta shiga ta nan ta ɓullo ta can ruwa na zuba a kan zanina ina kuka Ilham na dariya, ita ko gezau, kyanwar Lami. Ruwan yana taruwa ya yi ƙullutu kamar ƙwai a bayanta, anjima sai ya gangaro hammata, kafin dare ya ɓace. Aman ya ragu sosai sau ɗaya ta yi a satin nan, kukan dare ma ya yi sauƙi tunda na fara bar mata 'yar fitila mai caji. Nauyi dai bai ƙaru ba, na hau sikeli da ita na sauka na hau ni kaɗai na cire, 2.6 ɗin nan dai, amma bai ragu ba. Baban Ilham da ya fi kowa mita shi ya jera mata bulo uku kamar matakala zuwa bakin taga inda rana ke faɗowa da hantsi, wai don kar ta dame shi da kuka ne. Ƙwayar hawan jinin ce yaƙi, sai ta ɓoye ta a kumatu in na juya ta tofar. Yanzu ga matsala, bikin nan na Kaduna dole in je ko ba anko, kwana uku, kuma ranar ƙarin ruwa ta faɗo a ciki. In tafi da ita ne?

Ummi Hanwa: Kar ki soma, hanya da hayaniyar gidan biki za su hana ta ci. Ƙwayar kuma ki tura can ƙarshen harshe ki rufe bakin ki shafa maƙogwaro, in ta lashi hanci ta haɗiye

Sadiq Samaru: A bar ta inda ta saba Anti. Da ba jarabawa muke ba da na zo da kaina.

Hauwa Gyallesu: Gyallesu da Tudun Wada ai taku ne. Ki bar wa Ilham kazar a firij, ni zan zo ranar da yamma bayan na tashi daga aiki. Amma gara in zo wannan Alhamis ɗin tukuna in ga yadda kike sokawa, kuma ta san warin hannuna.

Maman Ilham: Allah ya saka Anti Hauwa, sai kin zo. Ki taho bayan la'asar lokacin ta sauko daga taga.